Tarihin Likita Semmelweis, Wanda Ya Kafa Dokar Wanke Hannu a Asibiti

Duk wanda ya shiga asibiti ko ɗakin shan magani a wannan zamani, yakan tarar da wurin wanke hannu, da sabulu, da safar hannu ta roba, ya kuma ga malamin asibiti ba ya taɓa majiyyaci sai ya tsabtace hannunsa tukuna. Abin ya zama jiki, har ba mai tambayar inda aka samo shi. Alhali kuwa doka ce mai tarihi, an sha gardama a kanta, dubban mata sun halaka kafin a karɓe ta, mutumin da ya kafa ta kuma bai ci moriyarta ba. Sunansa Ignaz Semmelweis, likita ne mutumin ƙasar Hangari. Ga labarinsa daga haihuwa har mutuwa, domin akwai abin lura a cikinsa ga masu aikin jinya, da kuma waɗanda ke riƙe da kuɗi da hukunci a bisa kansu.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Semmelweis ran 1 ga watan Yuli, 1818, a wata unguwa da ake kira Taban, cikin birnin Buda, a bakin kogin Danub. A hayin kogin akwai wani birni, sunansa Fest. Su ne aka haɗa a 1873 suka zama Budafest, babban birnin Hangari. A zamanin nan ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Ostiriya, wanda ke zaune a birnin Biyana. Ubansa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, yana sayar da kayan yaji da kayan masarufi. 'Ya'yansa goma ne, Ignaz shi ne na biyar.

A 1837 ya tafi jami'ar Biyana da nufin ya karanta shari'a. Bai daɗe ba ya ga zuciyarsa ba ta can, sai ya koma koyon aikin likita. Ya yi wani sashe na karatun a Fest, sa'an nan ya komo Biyana ya ƙare a 1844. Ya zaɓi fannin haihuwa, ran 1 ga Yuli, 1846 kuma aka naɗa shi mataimakin shehun malami Johann Klein, shugaban ɗakin haihuwa na farko a Babban Asibitin Biyana. Ran nan shekararsa 28 daidai. Aikinsa shi ne ya duba mata kowace safiya, ya tsaya a kan haihuwa mai wuya, ya koya wa ɗalibai, ya kuma riƙa littafin lissafin ɗakin.

Ɗakuna Biyu

Asibitin nan yana karɓar matan talakawa su haihu kyauta, bisa sharaɗin a koyar da aiki a kansu. Ɗakunan haihuwa biyu ne. A na farko ake koya wa ɗalibai maza aikin likita, a na biyu kuwa ake horar da mata aikin ungozoma. Ba a zaɓe, ranar da mace ta zo ita ke nuna ɗakin da za a kai ta. Amma sakamakon ɗakunan ya sha bamban ƙwarai. Akwai wani ciwo da ake kira zazzaɓin jego, wanda ke kama mace kwana biyu ko uku bayan ta sauka. Sai jiki ya ɗauki zafi, a yi ta rawar ɗari, ciki ya kumbura da azaba, yawanci cikin 'yan kwanaki ta cika.

Daga 1841 zuwa 1846, mata 20,042 suka haihu a ɗaki na farko, 1,989 suka mutu, watau kusan goma cikin kowace ɗari. A ɗaki na biyu 17,791 suka haihu, 691 suka mutu, ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Labari ya bazu cikin gari. Mace kan durƙusa tana roƙo kada a kai ta ɗakin likitoci, waɗansu ma sukan jinkirta su haihu a kan hanya. Abin da ya ƙara ɗaure wa Semmelweis kai shi ne, masu haihuwa a kan hanyar nan zazzaɓin bai cika kama su ba.

Manyan likitoci suna da amsoshi da yawa. Mafi rinjaye sun ce muguwar iska ce ke saukowa kan gari. Semmelweis ya lura ɗakunan biyu suna cikin asibiti guda, iskar da ta shiga wannan ita ta shiga wancan. Waɗansu suka ce cunkoso ne, ya duba ya tarar ɗaki na biyu ya fi cunkoso. Aka ce tsoro ne, domin limamin Kirista kan ratsa ɗakin da ƙararrawa a gabansa in zai je wurin mai gargara. Ya roƙe shi ya sake hanya ya bar ƙararrawa, ya yarda, mutuwa ba ta ragu ba. Ya ga a ɗaki na biyu mata na haihuwa kwance ta gefe, a nasa kuwa rigingine. Ya sa aka sake, duk da haka ba abin da ya sauya. Kowace magana aka kawo sai ya gwada ta da littafin lissafi, lissafi ya kayar da ita.

Mutuwar Kolletschka

A farkon watan Maris, 1847, ya tafi birnin Benis na Italiya ya ɗan huta. Da ya komo ran 20 ga wata, sai ya iske abokinsa Jakob Kolletschka ya mutu mako guda da ya wuce. Shi Kolletschka shehun malami ne, gwanin binciken gawa domin shari'a, shi ke gano sanadin mutuwa in hukuma ta nema. Yana cikin tsaga wata gawa tare da ɗalibai, sai askar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa. Raunin ƙarami ne, irin wanda ma'aikaci kan ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Amma hannu ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya mutu yana da shekara 43.

Semmelweis ya karanta takardar binciken gawar abokin nasa, sai ya ga kumburi da ruɓa a ƙirji da ciki da sauran sassan jiki, daidai da abin da ya saba gani a gawar matan da zazzaɓin jego ya kashe. Ga shi Kolletschka namiji ne, ba jego ya yi ba. Nan ne gaskiya ta bayyana gare shi. Wani abu ne daga jikin gawa ya shiga jininsa ta wurin yankan. Mace kuwa da ta haihu, cikinta ɗanyen rauni ne a buɗe. Ɗaliban likita sukan fara aikin safe a ɗakin gawa, su wanke hannu sama-sama da sabulu, warin gawa na nan bai fita ba, su wuce ɗakin haihuwa su riƙa duba mata ɗaya bayan ɗaya. Ungozomomi kuwa ba su tsaga gawa. Masu haihuwa a kan hanya kuma ba hannun da ya taɓa su. Duk abin da ya ɗaure masa kai sai ya warware lokaci guda.

Tsohon lissafin asibitin ma ya ba da shaida. Kafin 1823, a zamanin shugaban da Klein ya gada, ba a koyar da haihuwa a kan gawa, mutuwa kuma ba ta cika wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Da aka shigo da koyarwa a kan gawa ne ta hau.

Wannan sani ya zo masa da nauyi a zuciya. Domin ƙwazonsa na neman asalin ciwon, ya fi yawancin abokan aikinsa shiga ɗakin gawa, kusan kowace safiya can yake farawa. Ashe neman maganin da yake yi shi ke ƙara cutar. Bai ɓoye wannan ba. Daga baya ya rubuta shi a littafinsa, ya amsa cewa hannunsa ya kai mata masu yawa kabari ba da saninsa ba.

Dokar Kwano

A tsakiyar watan Mayu, 1847, ya sa aka ajiye kwano a ƙofar ɗakin haihuwa, da ruwan kulorin a ciki. Ya kafa doka, duk wanda ya fito daga ɗakin gawa, malami ne ko ɗalibi, sai ya goge hannu a ciki har warin ya fita sarai kafin ya taɓa mace. Ya zaɓi kulorin ne domin ya ga shi ke kashe warin ruɓa. Da ya ga irin da ya fara da shi yana da tsada, sai ya koma garin kulorin mai araha da ake jiƙawa da ruwa.

A watan Afrilu na shekarar, kafin dokar, mata 57 suka mutu cikin 312, watau sama da 18 cikin ɗari. A watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin ɗari, a Yuli wajen 1. A shekarar 1848 duka, mata 3,556 suka haihu a ɗakin, 45 kaɗai suka mutu. A watan Maris da Agusta na shekarar ba a rasa ko mace guda ba.

A tsakani kuma ya koyi wani darasi mai ɗaci. A watan Oktoba, 1847, aka kwantar da wata mata mai ciwon daji a mahaifa, yana zubar da ruɓa, a gadon da ake fara dubawa. Aka duba ta, aka wanke hannu da sabulu kawai, aka bi sauran mata 12. Cikinsu 11 suka mutu. Daga nan ya gane ba gawa kaɗai ke da dafin ba, har mai rai in yana da ruɓaɓɓen ciwo. Sai ya faɗaɗa dokar, a wanke da kulorin tsakanin majiyyaci da majiyyaci, daga baya kuma ya haɗa har da kayan aiki.

Yadda Aka Karɓe Shi

Mai karatu zai zaci da ganin wannan lissafi sai a ɗaukaka shi. Ba haka ta faru ba. Ya sami magoya baya, kamar Ferdinand Hebra, wanda ya buga labarin a mujallar likitoci a ƙarshen 1847, da Josef Skoda, wanda ya yi jawabi a kai a 1849. Amma shugabansa Klein bai gamsu ba. Gaskiya ɗaci gare ta. Yarda da maganar Semmelweis daidai take da likita ya amsa cewa shi ne ke kai wa majiyyatansa mutuwa. Ban da haka, ba a riga an tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ciwo ba, saboda haka ba ya iya nuna musu abin da yake zargi. Ɗalibai kuma sun ƙosa, domin kulorin yana cin fata, wankin yana cin lokaci.

A 1848 aka yi tawaye a Biyana da Hangari, manya suka riƙa kallon matasan malamai da idon zargi, balle mutumin Hangari. Da wa'adinsa ya cika a watan Maris, 1849, Klein ya ƙi sabunta shi, ya ba wani. Semmelweis ya nemi iznin koyarwa, aka yi ta jan sa har Oktoba, 1850, sa'an nan aka ba shi da sharaɗin da ya ga wulakanci ne. Cikin 'yan kwanaki ya tattara ya koma Fest, ko sallama bai yi da waɗanda suka tsaya masa ba.

A nan dole a faɗi nasa laifin. Shekaru suka yi ta wucewa bai rubuta bayanin aikinsa da hannunsa ba, ya bar waɗansu suna faɗa a madadinsa. Saboda haka likitocin ƙasashe da dama suka ji rabin magana, suka zaci gawa kaɗai yake nufi, suka yi watsi da ita. Ma'aikacin da ya gano gyara bai sa shi a takarda ba, ya ba masu gardama ƙofa.

Zamansa a Fest

A 1851 ya karɓi ɗakin haihuwa na asibitin Rokus a Fest, ba albashi. Ya tarar da zazzaɓin yana ɓarna, ya kafa dokar kwano. Daga 1851 zuwa 1855, cikin haihuwa 933, mata 8 kaɗai zazzaɓin jego ya kashe. A 1855 aka naɗa shi shehun malamin haihuwa a jami'ar Fest. A 1857 ya auri Maria Weidenhofer, suka haifi 'ya'ya biyar.

A ɗakin haihuwa na jami'ar wani abu ya faru da ya kamata ma'aji da akawu su riƙe. Bayan an sami sauƙi, sai mutuwa ta sake tasowa, ga shi kuwa ana wanke hannu. Ya bi diddigi, ya tarar an ba da kwangilar wankin zannuwan gado ga wanda ya yi farashi mafi araha, shi kuwa yana komo da su da dauɗar majiyyatan baya, ana shimfiɗa wa sababbin masu jego. Ya kai kuka wurin hukuma, ya matsa har aka kawo zannuwa masu tsabta, ciwon ya lafa. Wanda ya sa hannu a takardar kwangilar bai taɓa majiyyaci ko guda ba, amma tsimin da ya yi da rayuka aka biya shi.

Sai a 1861 littafinsa ya fito cikin Jamusanci, a kan asalin zazzaɓin jego da ma'anarsa da rigakafinsa, cike da jadawalin lissafi. Yawancin manyan likitoci ba su karɓe shi ba, har da Rudolf Virchow, wanda ake ji da shi a Jamus. Haƙurinsa ya ƙare. A 1861 da 1862 ya buga wasiƙu a fili zuwa ga shahararrun malaman haihuwa, yana ɗora musu alhakin kisan mata. Gaskiya tana wurinsa, amma zafin harshen ya kori har waɗanda da sun saurare shi.

Ƙarshensa

A 1865 iyalinsa da abokan aikinsa suka ga halinsa ya sauya, ga mantuwa, ga fushi, ga magana ba kan gado. A ƙarshen Yuli aka yaudare shi aka kai shi Biyana, Hebra ya raka shi gidan mahaukata da sunan ziyara. Da ya gane, ya nemi fita, masu gadi suka danne shi. Binciken da aka yi daga baya a kan takardun gidan da ƙasusuwansa ya nuna alamar an doke shi. Wani rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, dafi ya shiga jini. Ran 13 ga Agusta, 1865, ya mutu yana da shekara 47, da irin ciwon da ya kashe Kolletschka, wanda ya ƙare ransa yana yaƙi da shi. Mutane kaɗan ne suka halarci jana'izarsa.

Abin da Ya Biyo Baya

Kwana guda kafin mutuwarsa, ran 12 ga Agusta, 1865, a birnin Gilasgo, likita Joseph Lister ya fara sa ruwan kabolik a raunin wani yaro da ya karye a ƙafa, ya warke ba ruɓa. A 1879 Louis Pasteur na Faransa ya nuna ƙwayar cutar a jikin matan da zazzaɓin jego ya kama. Abin da Semmelweis ya gano da lissafi sai ga shi a madubin likita. Wajen 1890, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likita William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi safar hannu ta roba domin wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, wadda magungunan wanki suka cinye mata fatar hannu. An yi safar don kare ma'aikaciya, sai ta zama kariya ga majiyyaci kuma.

Daga nan aka tuna da shi. A 1891 aka mai da ƙasusuwansa Budafest, a 1964 aka binne su a gidan da aka haife shi, wanda aka mayar gidan tarihin aikin likita. A 1969 aka sa wa jami'ar likitoci ta Budafest sunansa.

Haɗarin da ya ci Kolletschka bai tsaya a Turai ba. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa, wanda ya ɗauki sunan wani gari da ke cikin jihar Borno ta yanzu, waɗanda aka fara gane shi a jikinsu kuwa ma'aikatan jinya ne. A farkon 1970, a wani asibitin mishan a Jos, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda ciwon ya kashe, ta mutu cikin watan Fabrairu. Shekara 123 ke tsakaninta da Kolletschka, sanadi kuwa ɗaya.

Saboda haka ƙa'idodin da ake koya wa ma'aikatan lafiya yanzu suka fuskanci gefe biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar na tsabtace hannu: kafin taɓa majiyyaci, kafin aiki mai bukatar tsabta kamar allura, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majiyyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Wanki da sabulu da ruwa yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa ruwan sifirit kuwa 20 zuwa 30. Ba a mai da murfin allura bayan an yi aiki da ita, sai a jefa ta cikin akwatin da ba ya hujewa. Ana yi wa ma'aikaci allurar rigakafin ciwon hanta. In allura ta soke shi ko aska ta yanke shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya sanar da shugabansa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne da gaggawa, kada ya wuce sa'a 72.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta tsayuwa da ƙwazon malamin asibiti shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai an sa kuɗin sabulu da safa a cikin kasafi, an duba wanda aka ba wanki, an riƙe littafin lissafi da gaskiya, babba kuma ya saurari na ƙasa da shi in ya zo da hujja. A Biyana kwano da garin kulorin ba su gagari kowa ba. Abin da ya gagara shi ne shugaba ya yarda mataimakinsa ya ga abin da shi bai gani ba.

Wannan shi ne tarihin Ignaz Semmelweis, wanda mutanen ƙasarsa ke yi wa laƙabi da mai ceton iyaye mata.